Farfesa da Kasuwa: A Fito da Maganar Fili

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da wuya a sami malamin jami'a a ƙasar nan wanda ya dogara ga albashinsa kaɗai. Wani yana da gidan gona a hanyar Zariya, wani makarantar kuɗi da sunan uwargida, wani kuwa ofishin ba da shawara ga ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji. Yajin aikin ƙungiyar ASUU na 2020, wanda ya ɗauki wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas aka kuma riƙe albashi, sun koya wa ko da masu jan ƙafa a cikinsu cewa kwando ɗaya ba ya isa ajiyar ƙwai. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙarasa abin da ya rage. Mu a wannan jarida ba mu ga laifin mai neman halal ba. Damuwarmu ita ce yadda ake yin abin a ɓoye, da kuma wanda ke biyan kuɗin wannan ɓoyo.

Ga abin da doka ta ce. Jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ma'aikatan jami'o'in gwamnati cikin masu riƙe da muƙamin jama'a, ya kuma hana wanda ke aiki na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa. Noma kaɗai aka keɓe. Ma'ana, farfesan da ke kiwon kaji yana cikin iyaka, amma farfesan kimiyyar kwamfuta da ke shugabantar kamfanin da ya kafa da iliminsa yana iya fuskantar kotun ɗa'ar ma'aikata. Abin mamaki ke nan: an halatta masa abin da bai karanta ba, an haramta masa abin da ya ƙware a kai. Sakamakon kowa ya sani. Ana rajistar kamfani da sunan ƙane ko suruki, kowa ya kawar da kai.

Wanda ke shan wahalar wannan kawar da kai shi ne ɗalibi. Shi ne zai yi wata uku yana bin mai duba kundinsa, ana ce masa Malam ya yi tafiya. Shi ne ake tattara wa karatun zango guda a cikin mako biyu kafin jarrabawa. Mafi muni kuwa shi ne malamin da ya mai da aji kasuwarsa, ya tilasta sayen takardun darasi ko littafin da ya buga, a rubuta sunan wanda ya saya. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne, kuma bai kamata a haɗa shi da maganar da muke yi ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Amurka, jami'o'i da dama suna barin malami ya yi aikin waje kamar kwana ɗaya a mako, muddin ya bayyana shi a rubuce. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'in can damar mallakar abin da aka ƙirƙira da kuɗin binciken gwamnati, bisa sharaɗin a ba mai ƙirƙirar kasonsa. Mu ma ba mu rasa tushe ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da kamfaninta na ba da shawara, wato ABUCONS. Cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin masara da wake da manoma ke shukawa har gobe. Cibiyar Shika ta samar da kazar Shika Brown. Ilimin yana nan, hanyar da zai bi ya shiga kasuwa da sunan mai shi ce a toshe.

Kafin a gyara, shawararmu ga malamai ita ce su bi ƙofar da ke buɗe. A shigar da aikin shawara ta hannun sashen jami'a, ko da za a cire kaso. A riƙe hannun jari, a bar gudanarwa ga manaja mai albashi. Kada a taɓa ɗakin gwaji, ko motar sashe, ko ƙarfin ɗalibai a kyauta. Wanda kuwa kasuwancinsa ya girma har ya fi ƙarfin yammaci da ƙarshen mako, sai ya nemi hutu marar albashi, ko ya sauka ya ba matasan da ke riƙe da digiri na uku suna zaman jira wuri.

Muna kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da kwamitin shugabannin jami'o'i da ASUU su kai wa Majalisar Tarayya buƙatar gyara wannan sashe, yadda zai ƙayyade sa'o'in aikin waje, ya wajabta bayyana shi kowace shekara, ya kuma fayyace kason jami'a. Tun yanzu kuma, majalisar malamai ta kowace jami'a tana da ikon buɗe rajistar halartar darasi wadda wakilan aji za su riƙa sa hannu a kai, ba sai ta jira Abuja ba.