Jirgin ruwa ba motar Dawanau ba ce

1/
Tun da na ɗora hoton nan na tsakiyar teku ake bi na da tambaya ɗaya: "Nawa ka biya?" Har a masallacin kasuwa an tare ni. To bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri. Amma ku sani tun yanzu, "nawa ne" ita ce tambayar da ta jefa ni asara.

2/
Ni ɗan Dawakin Tofa ne, sana'ata riɗi da zoɓo a Dawanau. Ruwan da na sani a duniya shi ne kududdufin bayan gari da dam ɗin Tiga da aka taɓa kai mu muna makaranta. Tafiyar da nake magana a kai ita ce wadda Turawa ke kira cruise: otal ne sukutum a kan ruwa, ka kwanta a gaɓar wata ƙasa ka farka a ta wata.

3/
Ra'ayina a taƙaice: duk shawarar da za ka gani a intanet kan wannan tafiya an rubuta ta ne don mutumin da fasfonsa ke buɗe masa ƙofofi. Shi zaɓen jirgi yake fara yi. Kai mai koren fasfo, biza za ka fara tambaya, jirgi ya biyo baya. Wanda ya juya wannan tsari zai biya kuɗin makaranta. Ni na biya.

4/
Wani ejan a cikin birni ya nuna min bidiyon jirgin da zai tashi daga Barcelona ya zaga Faransa da Italiya. Ya ce rangwame ne, gobe yake ƙarewa. Na biya duka, ni da maiɗakina. Daga baya muka nemi biza. Fasfo ya yi makonni, ya dawo fayau. Jirgi ya tashi ranar da aka sa, ɗakinmu babu kowa. Harajin tasha kaɗai aka dawo min da shi.

5/
Kuɗin nan ya isa takin gonakin gidanmu na damina biyu. Wallahi na yi wata guda ban iya gaya wa Hajiya ba. Kuma ba zan ɗora wa kowa laifi ba, a rubuce yake a takardar da na sa wa hannu ban karanta ba: neman biza nauyin fasinja ne, kuma hana biza ba ya cikin dalilan mayar da kuɗi.

6/
Ga tarkon: ofishin biza zai ce ka kawo shaidar ka kama ɗaki, kamfanin jirgi kuma babu ruwansa da ko an ba ka ko an hana. Mafita ita ce ka kama ɗaki da kafin alƙalami irin wanda ake mayarwa, ko da ya fi tsada kaɗan. Yawanci sai saura wata biyu zuwa uku a tashi ake neman cikon kuɗin. A wannan tazarar za ka nemi bizarka.

7/
Kuma kada ka ƙirga biza ɗaya. Ɗauki jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kamfanoni da yawa ba za su bar ka ka hau ba in babu takardar kowace ƙasa, ko ka rantse ba za ka sauka ba. A Bahar Rum bizar Schengen ake nema: Yuro 90 tun Yunin 2024, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000.

8/
In jirgin zai fita yankin Schengen, misali ya taɓa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, mai shiga sau ɗaya ba za ta ishe ka ba. Dubai ma ka tuna an rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, sai Yulin 2024 aka buɗe. Akwai jiragen MSC da ke tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik, nan ma sai da bizar Afirka ta Kudu. Ka nemi amsar kamfanin a rubuce.

9/
Shi ya sa nake cewa Bahaushe ya fara da Jidda. Hanya ce da muka sani, akwai jirgi daga filin Malam Aminu Kano, ga yare da abinci ba baƙi ba ne. A Disambar 2024 kamfanin Saudiyya mai suna AROYA ya fara zirga-zirga daga Jidda a Bahar Maliya, da jirgi mai ɗaukar fiye da mutum 3,000. Abinci halal, babu giya, babu caca, akwai wurin sallah.

10/
Amma fa a nan ma akwai rami. Mutane da yawa za su ce bari in gama Umara in haɗa da wannan. Tunani ne mai kyau, mu ma daga Jidda muka tashi a karo na biyu. Sai dai in jirgin zai je Aƙaba a Jodan ko Sharm el-Sheikh a Masar, ka fita Saudiyya ke nan. Dubi bizarka: ta shiga ɗaya ce ko da yawa? Wa zai bar ka ka sake sauka a Jidda?

11/
Fasfo: ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, da shafuka marasa hatimi. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, ka karɓe shi daga jami'an lafiya na filin jirgi da kanka, a yi maka allurar. Kada ka sayi na bayan fage. Sunan da ke tikiti kuma ya zama harafi da harafi irin na fasfo. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wajen na'ura.

12/
Yanzu abin da ya ba zaren suna. A Kwanar Dawaki in direba ya san ka, zai jira ka idar da sallah, har ka sayi rake. Jirgin ruwa in an ce ƙarfe biyar, to biyar ɗin ce, kuma ana ɗage gadar shiga tun kafin lokacin. Ba a yi masa waya, ba a bin sa da acaɓa. Wanda ya makara shi zai nemi hanyar tarar da shi a ƙasa ta gaba, da kuɗin aljihunsa.

13/
Ku haɗa wannan da hazo. Lokacin da ake yawon Bahar Maliya da na Dubai shi ne lokacin sanyi, daidai da hunturunmu. Duk ɗan Kano ya san yadda ƙura ke hana jirgi sauka da tashi a Disamba da Janairu. Don Allah kada ka sayi tikitin da zai kai ka ranar da jirgin ruwan zai tashi. Isa da kwana biyu. Kuɗin otal na dare biyu ya fi sauƙi a kan asarar tafiyar duka.

14/
Haka in an tsaya a wani gari. Yawon da jirgin ya shirya da kansa ya fi tsada, amma in motarsu ta makara jirgi yana jira. In kai ka ɗauki tasi don araha, kai kaɗai ne. A tafiyar farko ni dai na ce ka bi nasu. Agogonka kuma ka saita shi da lokacin jirgi, don waya tana iya canzawa da kanta ta bi lokacin garin.

15/
Sai "nawa ne". Farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki. In kai kaɗai ne, sau da yawa kusan kuɗin mutum biyu za ka biya. A kai kuma akwai harajin tasha, kuɗin hidimar ma'aikata da kamfanoni da yawa ke cira kullum a kan kowane mutum, intanet, lemo, wasu gidajen abinci na musamman, da yawon gari.

16/
Ɗauki biro ka jera: biza, inshora, tikitin jirgin sama, otal, mota, sannan waɗancan. In an tara za ka iya tarar da ɗakin jirgin shi ne ƙaramin kaso. Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafin, farashin buhu a ƙauye daban, farashinsa bayan dako da mota da la'ada daban. Kuma duk da dala ko Yuro ko riyal ne, naira in ta zame kai za ta zame wa.

17/
A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne mabuɗi, shi ne shaida, shi ne aljihu, ana haɗa shi da katin banki ko ka ajiye kuɗi a kanta. Ka je bankinka tun a gida ka tabbatar katinka yana aiki a waje da iyakar da aka sa masa. Ka riƙa duba lissafinka kullum. Kashe kuɗin da ba ka ƙirga da hannu ba ba ya zafi sai ranar sauka.

18/
Waya: da zarar an bar gaɓa ka sa ta a yanayin jirgin sama. A tsakiyar teku layin tauraron ɗan Adam take kamawa, kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce. Ni na bar tawa a buɗe daren farko, rukunin WhatsApp na 'yan kasuwa suna ta turo farashin riɗi da bidiyon wa'azi. Da asuba katin da na loda don mako guda ya tafi.

19/
Ɗaki iri huɗu ne galibi: na ciki mara taga, mai taga, mai baranda, da babban masauki. In kana tsoron jiri, nemi na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, nan ne ya fi rashin girgiza. Na goshi da na can sama su ne ke rawa. Maiɗakina citta ta taimake ta, busasshiya irin ta Kaciya da muke sayarwa. Duk da haka ka ga likita ya rubuta maka maganin jiri kafin ka tafi.

20/
Asibitin jirgi na kuɗi ne, mai tsada kuma. Mai hawan jini ko suga ya ɗauki magani fiye da kwanakin tafiya, a jakar hannu. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 a lokacin tafiya, ko jaririn da bai cika wata shida ba. Dutsen guga da hita a bar su a gida, za a ƙwace a bakin shiga saboda gobara. Buta ta roba kam kada ka manta ta.

21/
Sallah: jirgi yana juyawa, alƙibla tana juyawa da kai. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin sallah a jirgin ruwa tun da daɗewa, ana fuskantar alƙibla a juya da ita gwargwadon iko. Zauna da malaminka kan wannan da ƙasaru kafin ka tafi. In ba jirgin Saudiyya ba ne, ka nemi abincin halal a rubuce tun ranar kama ɗaki, kuma ka san za ka ga giya da shigar da ba ka saba gani ba.

22/
Da na gaya wa Hajiya za mu hau ruwa, cewa ta yi, "Kai da ko iyo ba ka iya ba?" Ba ta manta kifewar kwalekwalen Bagwai a 2021 ba, babu wanda ya manta a yankinmu. Ranar farko akwai atisayen ceto, a nuna maka wurin taruwarka da yadda ake sa rigar ruwa. Bayan hatsarin Costa Concordia a 2012, da mutum 32 suka rasu, aka tsaurara dokar a yi shi tun a tashin farko. Je ka saurara, ka kai iyalinka su ga wurin da idonsu.

23/
Na san masu cewa almubazzaranci ne, ana wannan tsadar rayuwa. Ba zan ce ba su da hujja ba. Wanda bai sauke farali ba, ko ana bin sa bashi, ko bai biya kuɗin makarantar yara ba, ko bai ajiye na taki ba, wannan zaren ba nasa ba ne tukuna. Kada a sayar da gona, kada a taɓa jari, kada a ci kuɗin adashin mutane don hoto.

24/
Amma wanda Allah Ya hore wa, ya fitar da zakka, ya sallami haƙƙoƙi, ban ga aibin ya kai matarsa ta huta kwana huɗu ba ta hura wuta ba. Mu a nan mutum sai ya shekara talatin a kasuwa, hutunsa na farko gadon asibiti. Fara da gajeriyar tafiya, dare uku ko huɗu. In ruwa bai karɓe ka ba, ka yi asara kaɗan.

25/
Wannan tekun ma ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu a ƙafa suke ratsa Chadi da Sudan, wasu shekaru suke yi a hanya suna noma suna tara guzuri, su isa Sawakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Na tsaya a baranda bayan sallar asuba ina kallon ruwan da suka ƙetare, na kasa cewa komai. Su kam ba su taɓa tashi ba su san hanya da guzuri ba.

26/
Tsarin ke nan: duba fasfo, jera bizar kowace tasha, kama ɗaki da kuɗin da ake mayarwa, nemi biza, in ta fito ka cika kuɗi ka sayi tikitin jirgin sama, ka isa da kwana biyu. Duk ejan da ya ce maka "gobe yake ƙarewa", ce masa Allah Ya kai mu goben. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan Isha'i in na dawo daga kasuwa. Allah Ya kiyaye hanya.