Manhajar waya ba ta ɗaure noti

Samari da yawa yanzu sun sayi 'yar na'urar ELM327. Su soka ta ƙarƙashin sitiyari, su buɗe manhajar Torque a waya, shi ke nan sun zama injiniyoyi. Ni ma ina son na'urar. Amma idan ta nuna maka P0016, kada ka goge lambar ka hau titin Wudil zuwa Kano kana taka mota. Lambar tana nufin kamshaf da kiranshaf sun daina juyawa daidai da juna.

Wani lokaci sensa ce kawai ta mutu. Wani lokacin kuma bel ko sarƙar taimin ce ta tsallake haƙori, ko notin da ke riƙe giyar kamshaf ya saki. A yawancin injinan zamani, idan taimin ya goce sosai, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi. Daga nan sai Ƙofar Ruwa neman kan inji.

Ban yarda da bakaniken da ke ɗaure wannan noti da ƙiyasi ba. Kamfanin motar ya rubuta awon ƙarfin ɗaurinsa. Nemo adadin a wayarka, ka nuna wa oga, ka ce a ɗauko sifana mai awo. Idan kamfani ya ce sabon noti za a sa, kada a mayar da tsohon.