Ba Zafi Ke Kawo Sankarau Ba

Cikin makon nan, a wurin wata ta'aziyya da muka je bayan garin Jega, na ji wani dattijo mai karatu, wanda ba na shakkar imaninsa ko ƙaunarsa ga jama'a, yana ba mahaifin yaron da ya rasu haƙuri da cewa ai zafi ne, bana ya shigo da wuri, kuma in zafi ya tashi kama mutum babu wata dabara sai addu'a. Su kuwa waɗanda ke zaune a zauren, wanda ba shi da taga ko guda, ga shi mun cika shi har bakin ƙofa, sai gyaɗa kai suke yi suna cewa haka ne, Malam. Ban ce uffan ba, domin zaman makoki ba wurin muƙabala ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, tun da yake na san da ita ake binne yara kowace bazara a ƙasar Gwandu.

Sankarau ɗin da ke zuwa mana annoba wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙarama ƙwarai, wadda ido ba ya ganinta sai da madubin likita, kuma mazauninta maƙogwaron ɗan Adam da can cikin hancinsa. Ba ta zama a jikin dabba ko cikin ruwan rijiya, ba ta kuma daɗewa da rai idan ta bar jikin mutum. Abin da ya kamata kowa ya riƙe, wanda kuma shi ne mutanenmu suka fi gafala da shi, shi ne galibin masu ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau. Likitoci sun ƙiyasta cewa wajen mutum 1 cikin 10 na iya yawo da ita ba tare da ko ciwon kai ba, adadin kuma yakan haura haka a lokacin annoba. Daga tarinsa, ko atishawarsa, ko numfashin da yake saki dare guda a ɗakin da aka toshe, sai ta shiga wani wanda jikinsa bai san ta ba, ta ratsa cikin jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, tantanin ya kumbura, daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da sandarewar wuya, a jariri kuwa maɗiga ta taso. Tsakanin shigarta da bayyanar ciwon kwana 2 ne zuwa 10.

To, ina zafi ya shigo? Tun cikin hunturu ake shuka abin. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage fatar cikin hanci su buɗe wa ƙwayar ƙofa, sanyin dare kuma ya kora mutane cikin ɗaki su rufe kowace kafa, mura da tari su yawaita. Kafin bazara ta kama sosai a watan Maris, ƙwayar ta riga ta zaga gida-gida, sai ga gawarwaki sun fara fita daidai lokacin da rana ta ƙwalle, mutane su ga zafi a wurin su ɗora masa laifi. Da ruwan farko ya sauka, iska ta yi laima, sai ciwon ya lafa, mu kuma mu manta har wata shekara.

Ba baƙo ba ne a gare mu. Tun 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana yankin da wannan cuta ta riƙa a Afirka, yankin da a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2015 wani sabon nau'inta, wanda likitoci ke kira C, ya faɗa wa Kebbi da Sakkwato, Aliero da Jega suna cikin wuraren da suka fi jin jiki. A 2017 ya komo da ƙarfi daga Zamfara, mutum fiye da 1,000 suka rasu a faɗin ƙasa. A Maris na 2025 Kwamishinan Lafiya na Kebbi ya ba da sanarwar rasuwar mutum 26, galibinsu a Gwandu da Jega da Aliero, kuma a waccan bazarar aka yi rashin ɗalibai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, samari waɗanda iyayensu suka sayar da hatsi da dabbobi domin su yi karatu.

Ina da ra'ayi game da ginin zamani, kuma zan faɗe shi, domin nan ne gizo ke saƙa. Ku dubi manomin Aliero idan ya cire albasarsa. Ba ya yarda ya jibge ta a ɗaki ya ja ƙofa, domin ya sani, tun daga kakanninsa, cewa albasar da ba ta shan iska gumi take yi ta ruɓe, kuma guda ɗaya in ta lalace sai ta shafi na kusa da ita. Saboda haka sai ya kafa rudu, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya rufa ta da ciyawa yadda iska za ta riƙa ratsawa, ya riƙa zuwa yana dubawa yana tsince wadda ta fara taɓuwa tun kafin ɓarna ta yi nisa. Wannan ilimi ne cikakke, ba wani Bature da ya koya masa. Amma shi wannan manomi, mai wannan basira, idan dare ya yi sai ya tara 'ya'yansa da jikokinsa a ɗakin bulo mai rufin kwano, wanda magini ya bar wa 'yar taga guda, ita ma an cusa mata tsumma da kwali tun farkon hunturu ba a sake waiwayarta ba. Haka zaurukan da almajirai ke kwana, yara a jere har babu wurin juyawa. Haka ɗakunan haya da masu gidaje ke yankawa suna ba ɗalibai a Aliero, ana lissafin kai nawa ɗaki zai ci, ba a lissafin numfashi. Haka shagunan da 'yan dako da baƙin kasuwa ke kwana a Jega, gobe kowa ya hau mota ya nufi garinsu da abin da ya kwaso. Na san za a ce sauro, da sanyi, da ɓarayi. Amma ragar taga da sandunan ƙarfe ba su kai kuɗin buhun albasa guda ba a lokacin tsadarta.

Sai kuma mas'alar ƙaddara, wadda ake jefa wa duk wanda ya kawo irin wannan magana, kamar wanda ya ce a buɗe taga ya yi jayayya da hukuncin Ubangiji. Wallahi wannan jahilci ne aka yi wa rawani. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi sai ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Malam Abdullahi na Gwandu, wanda muke zaune a ƙasarsa, ya yi talifi a kan maslahar addini da ta jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a fannin ɗibbu. Waɗannan su ne magabatanmu, kuma babu ɗayanmu da ya fi su tawakkali. Riƙon sababi wajibi ne, kuma malamin da ya tara yaran mutane amana ya kwantar da su inda iska ba ta shiga, za a tambaye shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwanakin da ake ɓatawa. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, ranar farko a ce maleriya ce a aika kemis; rana ta biyu ya fara sambatu, wuya ya ƙage, a ce iska ce a kawo turare da rubutu, 'yan dubiya su cika ɗakin maƙil; sai rana ta uku, bayan ya daina gane mutane, a nemi mota daga Andarai ko Mungadi a nufi asibiti. Alhali sankarau yana iya kashewa cikin yini guda, kuma in ba a yi magani ba yakan tafi da kusan rabin waɗanda ya kama, amma in aka kai da wuri aka fara allurar da ta dace, mafi yawa suna tashi. Cikin waɗanda suka tsira ma, wajen 1 cikin 5 yakan fita da kurumta, ko farfaɗiya, ko taɓuwar hankali, kuma jinkiri na ƙara wannan. A yi addu'a, a sha rubutu, amma a yi su a cikin mota ana tafiya. Kuma in likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, kada a sace yaro a gudu da shi cikin dare, domin da wannan ruwan ne ake gane nau'in ƙwayar, da shi ne kuma ake samun hujjar da za a kawo wa garin duka rigakafi.

Hukuma kuwa ba ta da uzuri ko kaɗan. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijeriya a 2011 ta kusan share nau'in A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, wannan kuwa ya isa dalili ga mai hankali cewa abin yana jin magani. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5 a lokaci guda. Duk da haka, allurai fiye da miliyan 1 da aka kawo domin annobar 2025 sai a watan Afrilu suka iso, bayan an gama haƙa kaburbura, damina tana bakin ƙofa. Na san gwajin maganin sankarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano a 1996 ya bar tabo a zukatan mutane, kuma tsoronsu yana da asali. Maganin wannan shi ne a zo da wuri, a bi ta hannun hakimai da dagatai da limamai, a yi bayani da Hausa, a fara da 'ya'yan manya a gaban jama'a. Cutar da kowa ya san watan zuwanta, bai halatta a riƙa tarbarta da kwamitin gaggawa da ziyarar jaje ba. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Birnin Kebbi ta buga mana, gunduma-gunduma, yawan yara da matasan da aka yi wa sabuwar allurar a Jega da Aliero da Maiyama, da yawan waɗanda suka rage, da ranar da za a kai gare su, sa'an nan ta faɗa mana ko an sa makarantun allo da ɗakunan ɗalibai cikin lissafin.