Yaranmu da takalmin taya a bayan Keke Napep

1/ Jiya da yamma a titin Kachia, daidai Kakuri, na ga yara uku da takalmin taya sun riƙe bayan Keke Napep yana gudu. Babbansu bai wuce shekara 13 ba. Mai keken yana hangensu ta madubi, dariya ma yake. Bari in yi magana, don abin nan ya taɓa gidanmu.

2/ Bara ƙanina ya sayi na gwanjo da kuɗin barka da sallah. Takalmin zalla, ba hular kwano, ba makarin hannu, robar birkin ma ta cinye. Sati biyu yana burge 'yan layi. Tsakuwa ɗaya ta shiga taya, ya dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye.

3/ Yawanci haka take faruwa. Mai faɗuwa tafin hannu yake miƙawa, nauyin jiki duka ya sauka nan. Wani bincike a Amurka a 1996 ya gano kusan ɗaya cikin uku na raunin masu wannan wasa a wuyan hannu ne. Yaro kuwa akwai guringuntsi a bakin ƙashinsa, daga nan ƙashin yake ƙara tsawo. In karaya ta bi ta wurin, hannu na iya tasowa a karkace.

4/ Kakarmu ta ce sai mai ɗori. Da ƙyar wallahi aka yarda a je asibiti a ɗauki hoto. Ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini fa. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka fara baƙi, a garzaya asibiti, kar a jira gobe. Haka ma yaron da ya bugu a ka ya fara amai ko barci marar dalili.

5/ Amma ban yarda da masu cewa a ƙwace takalmin ba. Na aboki zai ara, ya tafi baifas inda tireloli suke, inda ba wanda ya san shi. Gara Baba ya sa sharaɗi: ba hula da makarin hannu, ba fita. Kuma ba titi.

6/ To ina za su yi? KTL ta rufe tun 2002, ga harabobin masaƙu nan ciyawa na ci. Fili ɗaya mai siminti da hukuma za ta ware ya ishi yaran Kakuri da Makera.

7/ Masu keke kuma, don Allah ku tsaya ku sauke su. In kun taka birki ba shiri, fuskar yaron ce za ta daki ƙarfen.