Bama-baman da Suka Ɓace da Bakunan da Aka Ɗinke

Ranar 5 ga Disamba 1965, wani ƙaramin jirgin yaƙin Amurka ya gangaro daga kan katafaren jirgin ruwan nan Ticonderoga, ya faɗa tekun Fasifik. Ya nutse da matuƙinsa, Laftanar Douglas Webster, da bam ɗin nukiliya guda ɗaure a jikinsa. Har gobe suna can ƙasa, a zurfin da ya kusa kilomita 5. Shekara goma sha biyar Ma'aikatar Tsaron Amurka ba ta ce uffan ba. Da ta tashi magana a 1981, sai ta ce abin ya faru fiye da mil 500 daga tudu. A 1989 masu bincike suka tono littafin jirgin, asiri ya tonu: tazarar kimanin mil 80 ce kawai daga tsibiran Ryukyu, kuma jirgin ruwan tashar Yokosuka ya nufa. Japan ke nan fa, ƙasar Hiroshima da Nagasaki, wadda gwamnatocinta suka sha shaida wa jama'a cewa ba a shigo mata da irin wannan makami.

A waccan takarda ta 1981 aka lissafa haɗurra 32 tsakanin 1950 da 1980. Sojojin Amurka na kiran irinsu "karyayyar kibiya", suna mai sanyi ga abin da zai iya shafe birni. Cikinsu har da bam mai nauyin fiye da tan uku da wani matuƙi ya saki a ruwan tsibirin Tybee na jihar Jojiya a Fabrairun 1958, bayan karo da wani jirgin. An yi makonni ana lalube, aka haƙura.

Hujjar soja ba ta canzawa: kada abokin gaba ya san inda makami yake. Wannan jarida ba ta raina hujjar. A makonnin farko na ɓatan bam, kame baki dabara ce. Amma duk wanda ya bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa ba Masko aka fi ɓoye wa ba. Manomi da masunci da mai jefa ƙuri'a aka bari a duhu.

A duba Palomares, ƙauyen manoman tumatir a kudancin Sifaniya. Ranar 17 ga Janairu 1966, jirgin B-52 na Amurka ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a sararin sama. Mutum bakwai suka mutu, bama-bamai huɗu suka zubo. Biyu sun fashe da nakiyar da ke jikinsu, ba fashewar nukiliya ba, amma suka watsa ƙurar fulutoniyam a gonaki. Na huɗu ya shige teku, ya yi kwana 80 kafin a ciro shi, kuma a wurin da wani masunci, Francisco Simó Orts, ya nuna tun farko aka same shi. Ana tsaka da nema sai jakadan Amurka da ministan yaɗa labaran Sifaniya na gwamnatin Franco suka tuɓe suka shiga ruwa a gaban masu ɗaukar hoto, wai don a ga lafiya lau. Wankan manya bai wanke gonar kowa ba. An kwashe ƙasa kusan tan 1,400 zuwa Amurka, amma har yau akwai filayen da aka killace da waya a ƙauyen, alkawarin da aka sa wa hannu a 2015 na kwashe sauran kuwa bai cika ba.

Shekara biyu bayan haka wani B-52 ya faɗi kan ƙanƙara kusa da sansanin Thule a Girinlan, ƙasar da ke ƙarƙashin Denmark, wadda ta haramta makaman nukiliya a yankinta. Sai a 1995 'yan Denmark suka gano cewa firaministansu, H.C. Hansen, ya kau da kai ga Amurka a asirce tun 1957. Su ma Amurkawa ba su tsira ba: sai a 2013 aka saki takardar da ta nuna cewa makunni ɗaya tak ya hana wani bam tashi kusa da Goldsboro, jihar Karolina ta Arewa, a 1961. Wani sashe na bam na biyu da ya faɗo tare da shi yana binne a wata gona can har yanzu. Tarayyar Sobiyet kuwa ba a ma maganarta. Jirginta na ƙarƙashin ruwa, Komsomolets, yana kwance a tekun Norway tun 1989 da makaman nukiliya biyu.

Matsayin wannan jarida shi ne, sirrin da ya wuce shekara hamsin ya tashi daga tsaron ƙasa ya koma rufa wa gwamnati asiri. Ya kamata ƙasashen da ke da waɗannan makamai su fito da takardu, su faɗi wuraren, su bari masana masu zaman kansu su auna ruwa da ƙasa, su kuma biya waɗanda suka yi aikin share gurɓatattun wuraren ba kariya.

Kiran ya shafi Faransa. A 1960 ta fara gwajin bam a Reggane cikin Saharar Aljeriya, iskar da ke kawo hunturu kuwa ba ta san iyaka ba. Kan haka Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Aljeriya har yanzu tana neman taswirar wuraren da aka binne gurɓatattun kayan gwajin a cikin yashi.