Sharhi: Suna Ɗaya, Mota Daban-daban

MAIDUGURI — Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya leƙa garejin kanikawa a unguwar Jiddari Polo zai ga gaskiyar wannan magana a jikin motoci. Sau da yawa a kan tarar da Honda Accord biyu, 'yan shekara ɗaya, amma fitilar wannan ba ta hawa waccan, haka ma gilashi da lagireto. Ba ha'incin mai sayar da kayan gyara ba ne. Daga 2003 zuwa 2007 kamfanin Honda ya ƙera Accord iri biyu: babba domin Amurka, ƙarama domin Turai da Japan. Ita ƙaramar, da aka kai ta Amurka, sai aka sauya mata suna zuwa Acura TSX.

Wannan al'amari ya shafi aljihun kowane ɗan kasuwa da ya dogara da mota, domin ita mota kamar riga ce, da awon mai ita a ke ɗinka ta. Abubuwa huɗu ne ke tsaida wannan awo: doka, haraji, irin mai, da kuma yanayin ƙasa.

Doka ita ce ta farko. Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma na dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar, Chadi da Kamaru. Japan da Ingila kuwa suna nan a hannun hagu, saboda haka motocin da aka ƙera domin titunansu sitiyarinsu a dama yake. Idan irinsu suka shigo nan, sai a sauya musu sitiyari a gareji, aikin da ke taɓa birki da wayoyi, wanda kuma injiniyan da ya zana motar bai san da shi ba.

Na biyu shi ne haraji. A 1964 gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da a ke shigowa da su, domin ramuwa ga harajin da Faransa da Jamus ta Yamma suka sa wa kajin Amurka. Rigimar kaji ta wuce, harajin bai tafi ba. Yana cikin dalilan da suka sa Toyota ta maye gurbin Hilux da Tacoma, ƙirar Amurka, a waccan kasuwa tun 1995. A Japan, sauƙin haraji ga motocin da injinsu bai wuce sisi 660 ba shi ya haifar da 'yan ƙananan motoci irin su Daihatsu Hijet. A Indiya kuma, rangwamen da aka yi tun 2006 ga motar da tsawonta bai wuce mita 4 ba ya sa kamfanoni suka riƙa datse wa motoci baya. Ke nan ma'aikatar kuɗi na da hannu a fasalin mota kamar yadda injiniya yake da shi.

Na uku shi ne mai. Tun 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade farar wutar da ke cikin man mota ga kashi 10 cikin miliyan. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta a kan man da a ke kawowa Afirka ta Yamma, ƙa'idar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a man gas. Injin Turai na zamani yana ɗauke da matatar hayaƙi da sauran na'urori masu buƙatar tsaftataccen mai. Idan ya sha mai farar wuta, matatar sai ta toshe, ƙarfin mota ya ragu, bakanike kuma ya cire ta ya yar. Mai mota ya biya kuɗin abin da bai more ba.

Na huɗu, wanda mutumin Maiduguri ya fi kowa sani, shi ne yanayi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Da hunturu ƙura ce ke cika matatar iska, da damina kuma ruwa ya kwanta a lungunan da kwalta ba ta kai ba, ga yashi da ke riƙe taya. Motar da aka yi wa Kanada ko arewacin Amurka takan zo da kujera mai ɗumi da cikinta dab da ƙasa, wani lokaci da tsatsar gishirin da a ke zubawa a titi domin narkar da ƙanƙara. Wadda aka yi wa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa an ƙarfafa mata sanyaya inji da na'urar sanyaya ɗaki. Ba banza ba ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Borno suka fi dogara da Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara a 1984 kuma ba ta daina ƙerawa ba, alhali ba a sayar da sabuwarta a Amurka.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi tada hankali. Inda doka ta yi sako-sako, kamfani yakan rage abin da ke kare rai. A 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada sabuwar a-kori-kura ta Nissan NP300 da a ke sayarwa a Afirka ta Kudu, ba ta ba ta tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2020 ƙungiyar ta haɗa ta karo da tsohuwar Nissan Navara ƙirar Turai ta 2015, sai sabuwar ta Afirka ta lotse, tsohuwar ta kare direbanta. Darasin a fili yake: kamfani yana ba kowace kasuwa gwargwadon abin da ta tilasta masa.

Nijeriya ta taɓa zama kasuwar da a ke yi wa awo. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, inda aka sa wa motar Brasilia ta Brazil suna Igala. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, an daina ƙera ta a Turai a matsayin motar hawa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita sama da shekara 20 bayan haka. Dalili shi ne ta dace da hanya: tana da tsayi daga ƙasa, tana jure gargada, kuma bakaniken kowane gari, daga Maiduguri zuwa Sakkwato, ya san cikinta. Faɗuwar darajar Naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ita ta nesanta sabuwar mota daga ma'aikaci, ta buɗe ƙofa ga kwancen Turai da aka fi sani da Beljiyam.

Tun daga nan ƙasar ta koma sanya rigar aro. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa.

Masu wani ra'ayi na cewa kwancen ta fi, tun da ta fi araha kuma ta fi wasu sababbin kariya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gwajin Navara ma ya shaida. Sai dai gwajin bai wanke kowace kwance ba, musamman wadda ta yi haɗari ko ta nutse a ambaliya kafin a yi gwanjonta. Abin da ya nuna shi ne doka mai ƙarfi ke samar da mota mai ƙarfi.

Saboda haka akwai aiki a wuyan hukuma. A Fabrairun 2020, a Wagadugu, ministocin ƙasashen ECOWAS sun amince da man da farar wutarsa ba ta wuce kashi 50 cikin miliyan ba, da kuma ƙa'idar hayaƙi ta Euro 4 ga motocin da a ke shigowa da su. Wajibi ne Hukumar Kwastan, da Hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da Majalisar NADDC mai kula da ƙera motoci su tabbatar cewa wannan ƙa'ida tana aiki a tashar jiragen ruwa da gidan mai. Ya kamata kuma a haɗa da sharaɗin jakar iska da birkin da ba ya kullewa, da sharaɗin jure zafi ga duk motar da gwamnati za ta saya da kuɗin jama'a.

Shi ma ɗan kasuwa yana da nasa. Kafin ya ƙirga kuɗi, ya duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17: idan ta fara da J ƙirar Japan ce, W Jamus, 1, 4 ko 5 kuwa Amurka. Ya tambayi kasuwar da aka yi motar dominta, domin Japan na ƙera wa ƙasashe da yawa. Ya tuntuɓi bakanikensa ko akwai kayan gyaranta a Maiduguri ko sai an aika Kano ko Legas, domin motar haya da ta yi mako uku a gareji tana jiran na'ura ɗaya ta cinye ribar wata. Masu sayar da kayan gyara kuma su riƙa yin oda da lambar shasi, su rage jarin da ke kwanciya a kanta.

Araha dai ba ta ado. Sunan da ke bayan mota ba zai fitar da ita daga yashin Jiddari Polo ba, sai in an ƙera ta da sanin akwai yashin.