Horon Karen Gida Ma Kiwon Lafiya Ne

Idan gidanka yana Kazaure, ko cikin ƙauyukan Roni da Gwiwa, ko can gabas wajen Babura, ka san kare ba baƙo ba ne a wannan yanki. Makiyayi yana da nasa a ruga, manomi yana ajiye shi saboda gona da garke, mafarauta kuma da zarar an kawar da amfanin gona sai su fita daji da nasu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne karen da in an kira shi zai zo, in an tsawata masa zai tsaya. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ajiye kare bai koya masa waɗannan biyu ba, ya bar wata ƙofar cuta a buɗe ga iyalinsa da maƙwabtansa, ko da kuwa ya kafa gidan sauro a kowane ɗaki.

Dalili shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duk wanda ya kamu, daga cizo ko yakushin kare ya same shi. Kimanin 40 cikin 100 na waɗanda ake zargin mahaukacin kare ya ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga rauni sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da alamunta sun bayyana, wato firgita, tsoron ruwa da kasa haɗiya, to da wuya ƙwarai a tsira. Amma cuta ce da ake iya tarewa tun kafin ta kai nan. Tun a watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar a Faransa, yaron ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce aka keɓe don yaƙi da cutar a duniya.

Masana sun daɗe da nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki riga-kafi, cutar takan daina yawo a tsakaninsu, mutane kuma su huta. A Nijeriya akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom, jihar Filato, wadda take haɗa irin wannan allura. To amma allura ba ta shiga jikin kare daga nesa. Sai an kama shi, an riƙe wuyansa, ya natsu na ɗan lokaci. Karen da bai san hannun mutum ba sai wajen duka da jifa, ranar da ma'aikacin dabbobi ya zo gari sai ya tsallake danga ya shige daji, ko ya juyo ya ciji mai riƙon. Nan ne horo ya zama maganar lafiya.

Na san abin da wani zai ce: muna fama da abincin yara, ina muka ga lokacin koyar da kare? Wani kuma zai ce wannan al'adar Turawa ce. Ta farko tana da nauyi, kuma amsarta ita ce horon ba ya cin kuɗi, minti biyar ne safe da yamma, alhali cizo ɗaya yana jawo kuɗin mota, kuɗin allurai da zirga-zirgar asibiti na kwanaki. Ta biyu kuwa ba ta tsaya ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta waɗanda aka koyar, kuma malaman fiƙihu sun bayyana alamar karen da ya koyu: in an sake shi ya tafi, in an hana shi ya hanu. Hadisi ya yi rangwame a ajiye kare saboda farauta, kiwo da noma. Tsofaffin mafarautanmu ma sun san wannan aiki.

Inda na saɓa da mutane da yawa shi ne a hanyar horon. Akwai masu ganin sai an bar kare da yunwa, an ɗaure shi a rana, an riƙa zane shi, sannan zai yi zafin gadi. Abin da wannan yake haifarwa shi ne tsoro, kuma kare mai tsoro ba ya bambance ɓarawo da almajirin da ya tsaya a ƙofar zaure, ko yarinyar da aka aiko da tuwo. Haka ma cuna shi ga yara ko dabbobin maƙwabta da sunan wasa. Koya masa ake yi cewa bin mutum da cizo abin yabo ne. Dabba takan maimaita abin da ya kawo mata daɗi nan take. Saboda haka horon da ya fi ɗorewa shi ne na lada: ya yi abin da ake so, ka ba shi ɗan abin ci a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba bayan ka gama gaisawa da wani ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonnin da kwikwiyo ya fi saurin sabo da mutane su ne daga na uku zuwa wajen na goma sha biyu. A wannan lokaci a bar shi ya ga yara da manya, awaki da kaji, ya ji ƙarar babur, duk a cikin natsuwa. A riƙa taɓa kunnensa da wuyansa da ƙafafunsa, ana ba shi ɗan busasshen kifi ko guntun ƙanzo. (A kiyaye albasa da dafaffen ƙashi: albasa tana lalata jinin kare, ƙashin kuma yana tsagewa ya soke shi.) Da ya kai wata uku a kai shi a yi masa allurar haukan kare, a karɓi takardar shaida, a tambayi ranar da za a maimaita.

Kira shi ne darasi na farko kuma mafi girma. Ka ambaci sunansa ka ce "zo", in ya zo ka ba shi lada ka shafa shi. Fara a cikin gida daga taku biyu, sannan ka riƙa ƙara nisa. Sharaɗi ɗaya ne ba a karya shi: kada ka taɓa kiran kare don ka doke shi. In ka yi haka sau biyu, ya koyi cewa zuwa wurinka hatsari ne. Zama kuwa yana da sauƙi. Riƙe abincin a saman hancinsa, ka ja shi a hankali zuwa bayan kansa. Zai ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa, sai ka ce "zauna" ka ba shi. Daga nan sai "bari", wanda za ka ce in ya nufi abin da ba a so, ka saka masa da wani abu mafi daɗi in ya janye. Duk mutanen gida su riƙe kalma ɗaya ga kowane umarni. A watannin zafi a yi darasin da sassafe ko bayan la'asar. Sannan a saba masa da igiya da takunkumi tun ba a buƙace su ba.

Wasannin birgewa, irin su birgima da tsayuwa da ƙafa biyu, ban damu da su ba. Guda ɗaya ne nake ganin amfaninsa, wato miƙa ƙafa, domin da shi za ka cire ƙaya da ƙarangiya, ka kuma duba kaska ba tare da kokawa ba.

Yara ma suna buƙatar nasu darasin, watakila fiye da karen. Kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa, kada su yi jifa. In baƙon kare ya biyo su, su tsaya cik, hannu a jiki, su daina kallon idonsa. In kare ya yi gurnani kada a doke shi, gargaɗi yake yi. Wanda aka hana gurnani shi ne yake cizo ba sanarwa. Kuma a tabbatar wa yaro cewa ba za a yi masa faɗa ba in ya faɗi an cije shi, domin yara da yawa sukan ɓoye ƙaramin rauni saboda tsoron bulala.

Horo ba ya maganin hauka. Karen da cutar ta kama ba ya jin kiran kowa. Amfaninsa a nan shi ne, wanda ya san halin karensa shi zai fara lura in ya canja: mai natsuwa ya koma cizon icce da ƙasa, ko mai kuzari ya lafe, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba. Wannan nau'i na biyu yana yaudarar mutane, sai a zaci ƙashi ne ya maƙale masa, a sa hannu a bakinsa. Kada ka yi haka. Ka killace shi, ka nisantar da yara, ka sanar da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

In kuwa cizo ya auku, ko na karen gida ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. Kada a sa barkono, toka, ƙasa ko ganye, kada a ɗaure shi tamau. A tafi asibiti a ranar, babban asibitin Kazaure ko na Babura ko wanda ya fi kusa, a faɗi cewa kare ne ya yi cizon. In ba a sami allurar a nan ba, a nemi a tura ku inda take, ko da Kano ne. Allurar ba guda ɗaya ba ce: ana farawa a ranar farko, a koma rana ta 3 da ta 7, wani tsarin kuma yana da ƙari bayan haka, sannan rauni mai zurfi ko na fuska yana iya buƙatar wani magani da ake zubawa a cikin raunin kansa. Karen da ya yi cizon, in yana hannu, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allurar. Mace mai ciki da jariri duk ana yi musu ita.